Faɗuwa jarrabawar TRCN ba ta kai malami gidan yari

Akwai wata murya da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp na malaman makaranta, daga Agege har Idi-Araba da Mile 12 a Legas, wai duk malamin da ya faɗi jarrabawar TRCN, hukumar yi wa malamai rajista, ɗaurin shekara biyu ne a kansa, wai har malaman allo za a bi a kama. Maganar ta yi tasirin da wasu malamai, musamman mata, sun fasa cike fom ɗin gaba ɗaya, gani suke gara kada a san da zamansu. To jama'a wallahi ba haka abin yake ba.

TRCN hukumar tarayya ce mai yi wa malamai rajista da ba su lasisi, dokar da ta kafa ta tun 1993 take, doka mai lamba 31 ta zamanin soja. Jarrabawar kuwa sai a 2017 aka fara ta. Ta shafi malamin gwamnati da na makarantar kuɗi duka, mafi ƙarancin takarda NCE ce, wanda ya yi digiri ba a fannin koyarwa ba sai ya ƙara da PGDE, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri.

Yanzu ga inda shekara biyun nan ta samo asali. Sashe na 17 na dokar ne, kuma abin da ya kira laifi shi ne mutum bai da rajista amma yana aiki a matsayin malami mai rajista ana biyan sa, ko yana amfani da wani suna ko laƙabi da ke nuna yana da ita, haka nan wanda ya shara ƙarya don a yi masa rajistar. Hukuncin tara ce da ba ta wuce naira 5,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko a haɗa duka. Ku lura, shekara biyun ita ce ƙololuwa, kuma kotu ce kaɗai ke yanke ta bayan an gurfanar da mutum an saurare shi, ma'aikacin TRCN bai da ikon ɗaure kowa. Ko kusa sashen bai ambaci faɗuwa jarrabawa ba. Ka shiga ka faɗi, sai ka sake biya ka sake zama a zango na gaba, shi ke nan. Hasali ma wanda tsoro ya hana shi zuwa, ya ci gaba da shiga aji ba rajista, shi ne ya fi kusa da abin da sashen ke magana a kai.

Malamin allo da ke biya wa yara karatu a ƙofar gidansa a Agege kuwa, bai taɓa cewa shi mai rajistar TRCN ba ne, jarrabawar ma ba don shi aka tsara ta ba tunda sai da takardar koyarwa ake shigarta. Amma makarantun nan namu da ke haɗa boko da Islamiyya, malamin da ke koyar da lissafi ko Turanci a cikinsu da safe ya sani maganar ta hau kansa, kada mai makaranta ya ce masa ai mu Islamiyya ce.

Sai ɗaya jita-jitar, wai da gangan ake kayar da mutane don a sake karɓar kuɗi. A kwamfuta ake yin ta, tambaya ce da zaɓin amsa, kwamfutar ce ke makin, ba ta san Musa ba ba ta san Tunde ba. Makin ci 50 ne cikin 100, kuma ba gasa ba ce irin ta neman gurbin jami'a inda wani ke ture wani, in duk ɗakin kun kai 50 duk kun ci. Tambayoyin ma daga abin da aka karanta a kwalejin ilimi suke fitowa, dabarun koyarwa da Turanci da lissafi na yau da kullum da ɗan sanin kwamfuta.

Ni dai ina goyon bayan a tantance mai koyar da 'ya'yanmu, yadda ba za mu yarda da nas marar lasisi ba. Abin da ke ci min rai shi ne nauyin duk kan malami yake sauka. Malamar da albashinta bai kai mata ƙarshen wata, kuɗin mota a Legas ya cinye rabi, ita za ta biya kuɗin jarrabawa da na rajista da na sabunta lasisi, mai makarantar da ya ɗauke ta aiki bai ko tambayi takardarta ba yana gefe. Ga kuma dattijon da ya shekara ashirin da alli a hannu, ya san aikinsa sarai, amma ranar jarrabawa ce ranar farko da zai riƙe linzamin kwamfuta, hannu na rawa, lokaci na tafiya a kan allon yana kallo. Irin wannan ba ilimi ne ya gaza masa ba, kuma ya kamata masu makarantu da shugabannin al'ummarmu a Legas su ɗauke wannan nauyi, su kama ɗaya daga cibiyoyin da yara ke koyon jarrabawar JAMB a kwamfuta ko na Asabar biyu ne, a zaunar da malamai su saba da danna amsa kafin ranar ta zo.