Yadda ake tsara zauren baje kolin gidan tarihi: tambayoyi da amsoshi

Mene ne ainihin aikin kamfanin da ke tsara baje koli?

Gidan tarihi yana da kaya da masana, amma ba lallai ne ya san yadda zai jera kayan har baƙo ya fahimci labarinsu cikin ɗan lokaci ba. Wannan gurbin ne kamfanin yake cikewa. Yana haɗa marubuci, da mai zanen gini, da mai tsara rubutu da hotuna, da masanin haske, da injiniyan sauti da bidiyo, da maƙera akwatunan gilashi, su yi aiki kafaɗa da kafaɗa da masanan gidan. A Amurka, kamfanin Ralph Appelbaum Associates ne ya tsara baje kolin gidan tunawa da kisan ƙare dangi da aka yi wa Yahudawa, wanda aka buɗe a Washington a 1993. Irin waɗannan kamfanoni kuma su ne ke tsara wuraren shaƙatawa masu jigo guda, da zaurukan da masana'antu ke buɗewa don baƙi su ga tarihin kayansu.

Daga ina ake farawa?

Daga jimla ɗaya. Kafin a ja layi ko ɗaya a takarda, sai mai gida da kamfani sun amince da abin da suke so baƙo ya fita da shi. "Tarihin Kano" ba jimla ba ce, take ne kawai. Amma idan aka ce "Rini da jima da fatauci ne suka haɗa Kano da Arewacin Afirka", nan take za a san abin da zai shiga zaure da abin da zai koma ma'aji, komai kyansa.

Daga nan sai jerin kaya: kowane abu da lambarsa, da tsawonsa, da faɗinsa, da nauyinsa, da abin da aka yi shi da shi, da halin da yake ciki. Sai zanen hanyar da baƙo zai bi, sai cikakken zane, sai ƙira a masana'anta, sai girkawa. Babban zaure kan ci shekara biyu zuwa uku. Kuskuren da ya fi tsada shi ne a ba da odar akwatuna kafin a gama jerin kaya. Ranar girkawa sai a tarar kakakin ya fi akwatinsa tsawo, gilashin kuwa an riga an yanka.

Me ya sa wasu zaurukan suke da duhu?

Domin haske yana cin kaya, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Ana auna shi da ma'aunin luks. Tufafi, da takardun Ajami, da fatar da aka rina, ba a ɗora musu fiye da luks 50. Katako da zanen fenti suna ɗaukar 200. Dutse da ƙarfe ba su da wannan damuwa sosai. Rana tsaka kuwa tana kaiwa luks 100,000, shi ya sa taga buɗaɗɗiya kusa da babbar riga laifi ne babba.

Ɓarnar taruwa take yi: awa 5 a luks 100 daidai take da awa 10 a luks 50. Saboda haka ake sauke tufa bayan wata uku zuwa shida a maye gurbinta da wata, littafi kuma a riƙa juya shafinsa. Dabarar mai tsarawa ita ce ya rage haske sannu a hankali tun daga ƙofa, ido ya saba kafin a iso ɗakin tufafi. Wanda ya faɗo ɗakin kai tsaye daga hasken tsakar gida ba zai ga komai ba, sai ya ce wuta ce babu.

To danshi da ƙura fa? Ƙa'idar Turai tana aiki a Kano ko Yamai?

Nan ne aikin yake da wuya, kuma nan ne ake gane kamfanin da ya san abin da yake yi. Abin da aka saba rubutawa shi ne danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Kano, lokacin hunturu yakan faɗi ƙasa da kashi 20, a watan Agusta kuma ya haura 70. Fata da katako suna shan danshi su kumbura, su bushe su tsuke. Shekara bayan shekara, gafaka ta tsage, fatar tambari ta fashe, ƙwarya ta dare. Idan danshi ya daɗe sama da kashi 65 zuwa 70, fumfuna ce za ta fito.

Mutane da yawa suna zaton na'urar sanyaya ɗaki ce maganin. A wurin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, takan ƙara ɓata lamarin, domin hawa da saukar gaggawa sun fi illa a kan danshin da ya ɗan wuce ƙa'ida amma yake tsaye. Abin da ya fi dacewa shi ne akwati mai rufuwa ruf, da roba a bakin ƙofarsa, da aljihu a ƙasa inda ake zuba silika jel. Wannan tsakuwar tana shan danshi idan ya yi yawa, ta sake shi idan iska ta bushe, ba ta kuma buƙatar wuta. A sa ƙaramar na'urar auna danshi a ciki, a riƙa duba ta. Ginin ƙasa mai kauri irin na Gidan Makama, gidan tarihi na Kano, yana da nasa amfani, domin bangon yana rage saurin canjin zafi. Sai dai a sa ido kan gara da yoyon azara.

Shin kowane katako da fenti za a iya sa wa a cikin akwati?

A'a. Akwatin da aka rufe ruf yana tsare duk tururin da kayan cikinsa ke fitarwa. Katakon MDF, wanda ake yi da garin katako da gam, da wasu nau'o'in gam da fenti, suna fitar da tururi mai tsami wanda ke cin dalma. Ulu yana fitar da sinadarin da ke baƙanta azurfa. Akwai gwajin da Andrew Oddy ya ƙirƙiro a gidan tarihi na Birtaniya a 1973: ana rufe ɗan yankin kayan a kwalba tare da ɗan ruwa da ƙananan faranta uku, azurfa da jan ƙarfe da dalma, a zafin digiri 60 na tsawon kwana 28. Idan farantan suka canza launi, an soke kayan. Sabon fenti kuma a ba shi kamar mako huɗu ya sha iska kafin a rufe akwati, ko da ranar buɗewa ta matso.

Haka ma abin da ake ɗora kaya a kai. Babbar riga mai aska takwas tana da nauyi, idan aka rataye ta a siririn ƙarfe, ɗinkin kafaɗa ne zai ɗauki nauyin duka har ya saki. Ana yi mata sanda mai kauri da aka naɗe da auduga, ko a shimfiɗa ta a allo mai ɗan gangara. Tufar da ta shigo daga waje kuma, a kulle ta a leda a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na mako guda, don a kashe asu da ƙwayayensa.

Rubutu nawa ya kamata a sa?

Kaɗan. A tsaye baƙo yake karantawa, sau da yawa da yaro yana jan rigarsa. Kalmomi 30 zuwa 50 sun ishi bayanin abu guda, kuma jimlar farko ta faɗi abin da ido ke gani. Idan za a rubuta da Hausa da Turanci ko Faransanci, a ware wa kowanne fili tun a zane, kuma a tabbatar haruffan da aka zaɓa suna da ɓ da ɗ da ƙ. Hanya kuma ta bar wa keken guragu wurin juyawa, kamar santimita 150.

Allon taɓawa da majigi, sun cancanci kuɗinsu?

Idan suna nuna abin da kayan ba za su iya nunawa ba, kamar sautin algaita ko yadda ake tsoma zane a karofi, sun cancanta. Amma su ne farkon mutuwa. Majigi mai hasken leza yakan yi kamar awa 20,000, wato wajen shekara bakwai idan ana kunna shi awa 8 kullum, kuma ƙurar hunturu tana rage wannan idan ba a share matatarsa. Kafin a sa hannu a kwangila, a tambayi wanda zai gyara, da inda za a samo kayan gyara, da ko kamfanin zai miƙa asalin fayilolin bidiyo da sauti. A kuma tsara zauren yadda zai ba da labarinsa ko da duk na'urorin a kashe suke.

Me ya bambanta wurin shaƙatawa ko zauren kamfani da gidan tarihi?

Can sau da yawa babu kayan da ake tsoron lalacewarsu, lissafin jama'a ne ke mulki. Ɗaki mai kujeru 60 da ke sake wasa kowane minti 15, har da shiga da fita, mutum 240 zai ɗauka a awa. Idan 400 ne ke isowa a awa ranar sallah, kowace awa mutum 160 za su ƙaru a layi. Ko dai a gina ɗaki na biyu, ko a taƙaita wasan, ko a sayar da tikiti mai lokaci. Duk abin da hannu zai kai gare shi kuma, a ƙera shi da sanin cewa yara dubbai za su ja shi, su hau shi.