Tantance Kayan Tallafin Aiki

Kayan tallafin aiki su ne abubuwan da ake ajiye wa ma'aikaci a hannu domin su yi masa jagora yana tsakar aiki: takardar jerin matakai, allon umarni a jikin inji, ko manhajar kwamfuta da ke nuna masa gurbin da zai cike. Ba'amurkiya Gloria Gery ce ta yaɗa tunanin irin na kwamfuta a littafinta na 1991. Horo yana son mutum ya haddace, su kuwa waɗannan kaya burinsu kawai aikin ya fita daidai.

Wannan bambanci ne ya sa ma'aunin horo ba ya yi musu daidai. Matakai huɗu na auna horo da masani Donald Kirkpatrick ya gabatar a 1959 suna duba gamsuwar mahalarta, abin da suka koya, halinsu a bakin aiki, sannan sakamako. Amma ga kayan tallafin aiki, jarrabawar abin da aka koya ba ta faɗi komai. Abin dubawa shi ne yawan kurakurai, lokacin da aiki ke ci, da ko ma'aikata na ɗaukar kayan ma, ko sun jefa su aljihun tebur.

Masanin tantancewa Michael Scriven ya raba tantancewa gida biyu a 1967: ta lokacin ƙira da ta bayan kammalawa. Ta farkon ta fi nauyi wajen masu tsarawa. Ana ba ma'aikaci samfuri, a zauna gefe a ga inda ya tsaya yana laluben kalma ko ya tsallake mataki, a gyara, a sake gwadawa.

Misalin da aka fi kawowa shi ne jerin duba tiyata na Hukumar Lafiya ta Duniya, wato takarda mai abubuwa 19 da tawagar tiyata za ta tabbatar an yi su a kowane aikin tiyata. An gwada shi a asibitoci takwas, daga Ifakara ta Tanzaniya har Landan, kuma rahoton 2009 ya nuna mace-mace sun sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari. Amma da lardin Ontariyo na Kanada ya wajabta jerin duba tiyata, binciken da aka wallafa a 2014 kan asibitoci 101 bai ga raguwa ta a zo a gani ba. Wasu masu sharhi sun ce cike gurabe kawai ake yi a takarda, ba tare da tawagar tiyata ta tsaya ta karanta su da baki ba.