Ma'anar Kiril: Ɗan ƙaramin jatan landen da ke ciyar da Tekun Antaktika

Duk wanda ke bin labaran sauyin yanayi zai riƙa cin karo da kalmar kiril, musamman idan ana maganar Antaktika, nahiyar ƙanƙara da ke can ƙuryar kudancin duniya. Kalmar ta fito ne daga harshen mutanen Norwe, inda take nufin ƙananan 'ya'yan kifi. Masu farautar wel na ƙasar, wato wata ƙatuwar dabbar teku mai kama da kifi, su ne suka yaɗa ta, domin shi suke tararwa maƙil a tumbin dabbar idan sun farke ta.

Sai dai kiril ba kifi ba ne. Dangin jatan lande ne, kuma wanda ya san busasshen jatan landen da ake dakawa a zuba a miya ya riga ya san kamanninsa. Akwai irinsa sama da 80 a tekunan duniya, amma wanda ake ta magana a kai shi ne na Antaktika, wanda masana ke kira Euphausia superba. Tsawonsa bai wuce santimita 6 ba, kamar ɗan yatsa, nauyinsa kuwa giram 2 ne idan ya ƙoshi. Jikinsa garai-garai yake da ɗigo-ɗigon ja, idanunsa manya baƙaƙe, har ana hango koren abincin da ya ci ta cikin ɓawonsa. Yana yawo ne a cincirindo kamar fara, har ruwan teku ya koma ja-ja na tsawon kilomitoci. An ƙiyasta nauyinsa gaba ɗaya tsakanin tan miliyan 300 zuwa 500.

To, abin da ke da wannan yawa, me zai sa a damu da shi? Dalili shi ne kusan kowa a tekun nan da shi ya dogara. Kiril yana cin ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya gani, shi kuma sai tsuntsayen fengwin (tsuntsayen teku da ba sa tashi sama, sai ninƙaya), da kifaye, da dabbar wel su cinye shi. Shuɗin wel, wanda babu dabbar da ta kai shi girma a duniya, yana haɗiye tan-tan na kiril a yini guda. Idan kiril ya yi ƙaranci, babu wani abincin da zai cike gurbinsa.

Inda lamarin yake da sarƙaƙiya shi ne rayuwar 'ya'yansa. Macen kiril tana zuba ƙwai dubbai a lokacin zafin yankin, wato wajejen Janairu zuwa Maris. Ƙwan yana nutsewa ƙasa, zurfin ɗaruruwan mitoci, can ya ƙyanƙyashe, sai ɗan ya yi ta hawowa sama yana neman abinci. Daga nan hunturu ya shigo, rana ta ɓace, tsirrai su ƙare. Babban kiril yana iya jure yunwa na watanni, har yakan saɓe ɓawonsa ya ƙanƙance don ya rage buƙata. Ɗan ƙarami ba shi da wannan ajiya. Abin da ke cetonsa shi ne ƙanƙarar da ke daskarewa a saman teku: a ƙarƙashinta akwai wata irin gansakuka da ke manne, ita yake kankara yana ci, a ramukanta kuma yake ɓuya. Ke nan ƙanƙarar ce rumbunsa, ita ce kuma ɗakinsa. Shekarar da ta makara ko ta yi ƙaranci, 'ya'yan da za su kai ga girma kaɗan ne. A watan Fabrairun 2023 faɗin ƙanƙarar tekun Antaktika ya sauka zuwa kimanin murabba'in kilomita miliyan 1.79, mafi ƙanƙanta tun da aka fara aunawa da tauraron ɗan'adam a 1979.

An daɗe ana ƙidayar kiril. Tun a shekarun 1920 jiragen binciken Birtaniya suka fara jefa koma suna lissafi a kewayen tsibirin Jojiya ta Kudu da ke kudancin tekun Atilantika. A 2004 Angus Atkinson da abokan aikinsa suka tattara irin waɗannan bayanai suka wallafa a mujallar Nature, inda suka nuna cewa kiril ya ragu ƙwarai tun daga shekarun 1970 a ɓangaren kudu maso yammacin Atilantika, wurin da ya fi yawa. A 2019 suka sake fitar da wani binciken da ya duba 1926 zuwa 2016, suka ce cibiyar yawansa ta gusa kudu da kimanin kilomita 440, wajen ruwa mai sanyi.

Ba kowa ne ya yarda ba. A 2018 Martin Cox da wasu masana a Ostireliya sun sake nazarin bayanan suka ce ba su ga shaidar raguwa ba. Babban binciken ƙidaya da aka yi a 2019 da na'urar amsa-kuwwa, mai aika sauti cikin ruwa don gano abin da ke ciki, ya samu kusan tan miliyan 62 a yankin, kusan daidai da abin da aka samu a 2000. Auna abin da ke yawo a cincirindo aiki ne mai wuya, koma ɗaya ta cika, ta kusa da ita ta fito wayam. Ni dai a ganina, jayayya kan jimillar adadi tana ɗauke hankali daga abin da ya fi muhimmanci. Uwar fengwin da ke da 'ya'ya a sheƙa ba za ta iya tafiyar kilomita 400 neman abinci ba. Ko da kiril yana nan da yawansa, idan ya bar bakin tsibirinta, 'ya'yanta yunwa za ta kashe su. Binciken Wayne Trivelpiece na 2011 ya nuna cewa wasu nau'o'in fengwin biyu a tsibiran Shetland ta Kudu da ke gefen Antaktika sun ragu da fiye da rabi cikin kusan shekara 30, kuma ya danganta hakan da ƙarancin kiril.

Akwai wani abin mamaki a tarihin. A ƙarni na 20 an kashe wel kusan miliyan 2 a tekunan kudu. An zaci tun da masu cinsa sun ƙare, kiril zai yi ambaliya. Hakan bai tabbata ba. Daga baya aka gane cewa kashin wel yana ɗauke da sinadarin ƙarfe, wanda shi ne takin da tsirran ruwan ke buƙata. Kamar dai shanu ne da gona: sun ci kara, sun bar taki.

Sannan ga ɗan'adam da jiragensa. Tarayyar Sobiyet ce ta fara kamun kiril gadan-gadan, yau kuwa Norwe ce kan gaba, sai Sin da Koriya ta Kudu. Ana niƙa shi a yi abincin kifin gona, ana kuma tatsar mansa a sayar a matsayin ƙwayoyin ƙarin lafiya. Hukumar CCAMLR, ta ƙasashe masu kula da halittun tekun Antaktika, wadda ta fara aiki a 1982 da hedikwata a birnin Hobart na Ostireliya, ta ƙayyade kamun tan 620,000 a shekara a ɓangaren kudu maso yammacin Atilantika. A lissafi wannan kashi 1 ne kacal cikin 100 na abin da ke wurin. Matsalar ita ce jiragen ba sa warwatsuwa, suna taruwa ne a bakin tsibiran da fengwin da wel ke kiwo. Dokar da ta tilasta rarraba kamun tsakanin sassa ta ƙare a 2024 saboda mambobin hukumar sun kasa cimma matsaya, kuma shawarar Ajantina da Chile ta a killace wani ɓangare na tekun don kare halittunsa tana nan a ajiye tun 2018. A 2025 jiragen suka cike tan 620,000 ɗin kafin kakar ta ƙare, aka rufe kamun a watan Agusta, karo na farko a tarihi.