Tasirin wuri a kan sakamakon bincike a intanet

Tasirin wuri shi ne yadda inda mai bincike yake, da inda abin da yake nema yake, ke sauya jerin sakamakon da injin bincike irin su Google da Bing ke fitarwa. Mutum biyu za su rubuta "gyaran waya" lokaci guda, ɗaya a Tarauni ɗaya a Kabuga, kowa ya ga jeri daban: na Tarauni shagunan Farm Centre ne za su fara zo masa, na Kabuga kuwa sai na unguwarsu.

Yadda injin ke gane wuri

Waya tana bayyana inda take ta GPS, da ƙarafan sabis, da Wi-Fi na kusa. In an kashe waɗannan, injin yakan koma ga adireshin IP, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet, wanda shi ne mafi rauni, domin layin data a Najeriya yakan nuna Legas ko Abuja alhali mai wayar yana Fagge. A can ƙasan shafin sakamako Google na rubuta wurin da ya ɗauka. Tun Oktoban 2017 ma, shiga ta google.com.ng ko google.co.uk ba ya sauya ƙasar da ake kawo wa mutum sakamakonta.

Ma'aunai uku

Google ya bayyana abu uku da yake aunawa wajen jera kasuwancin kusa: dacewa da abin da aka nema, nisa, da shahara. Shahara ta haɗa yawan ra'ayoyin abokan ciniki, taurarin da suka bayar, da shafukan da ke ambaton wurin. Saboda haka shagon da ya yi suna yakan iya shiga gaban wanda ya fi shi kusa. Sauyin da Google ya yi wa tsarinsa a 2014, wanda ake kira Pigeon, ya gyara yadda ake auna nisa, a 2015 kuma aka rage wuraren da ke fitowa tare da taswira daga 7 zuwa 3. Na huɗu sai an latsa ake ganinsa.

Inda ake samun tangarɗa

A Kano, adireshi ne babbar matsala. "Bayan gidan mai, daura da masallaci" kwatance ne mai kai mutum, amma na'ura ba ta gane shi. Gyaran shi ne a buɗe Google Business Profile, wato shafin bayanan kasuwanci a Google, a ja alamar taswira da hannu zuwa bakin ƙofar shagon, a tabbatar da mallaka, sannan a ƙara Plus Code, wato gajeren lambar da ke nuna wuri ko babu sunan titi.

A Kantin Kwari abin ya fi wuya. Shagunan atamfa da shadda da dama suna gida ɗaya, kuma Google yakan tace masu sana'a ɗaya a adireshi ɗaya, ya nuna wasu ya ɓoye saura. Sai a rubuta sunan gida, layi da lambar shago. Suna, adireshi da lambar waya su zo iri ɗaya a Facebook, Instagram da shafin kamfani. Saɓani yana rage amincewar injin. Cusa kalmomi cikin suna, kamar "shadda mai araha Kano Kwari", karya dokar Google ne, ana iya dakatar da shafin kasuwancin.

Matakin ƙasa

Adireshin shafi mai ƙarewa da .ng ko .com.ng, wanda hukumar NiRA ke kula da shi, alama ce mai ƙarfi cewa don Najeriya aka yi shafin. Mai shafin Hausa da Turanci yakan sa alamar hreflang, mai gaya wa injin harshen shafi da ƙasarsa, ha-NG ga na Hausa, en-NG ga na Turanci. Ƙasar da sabar take, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ba ta da nauyi sosai, sai dai nisanta na iya rage saurin buɗewa.