Mece ce ƙwayar tushe, wato "sitem sel" da ake ta talla?

A 'yan shekarun nan kalmar "sitem sel" ta shiga bakin mutane a Kaduna. Ana jin ta a zaurukan WhatsApp na unguwa, ana jin ta wajen masu tallan ƙarin abinci da ke bi ofis-ofis da shago-shago daga Kawo har Kakuri, su miƙo maka 'yar leda mai gari su ce ka zuba a ƙarƙashin harshe, wai tana maganin ciwon suga da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, har da sikila. Wannan garin, in ma da wani abu a cikinsa, daga tsirrai aka samo shi, kuma ƙwayar tsiro da ta bushe ba ta rikiɗa ta zama tsokar mutum. Abin da ke ci mini rai shi ne ana ɗaukar sunan ilimi na gaskiya ana karɓe kuɗin marasa lafiya da shi, wani har ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa.

Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta iri-iri, kimanin kala 200: na jini, na fata, na ƙashi, na ƙwaƙwalwa. Kowace da aikinta, ba ta shiga hurumin wata. Ƙwayar tushe ita ce wadda ba ta riga ta kama aiki ba, kamar yaron da bai zaɓi sana'a ba tukuna. Abu biyu take iyawa: ta rabu ta haifi irinta, ko ta rikiɗa ta zama ƙwaya mai takamaiman aiki.

Kowannenmu yana ɗauke da ita a yanzu haka. Wadda aka fi sani tana cikin ɓargo, ita ke ƙera jini. Jar ƙwayar jini kwana 120 take yi ta mutu, don haka ɓargo ba ya hutawa. Ga mai sikila kuwa, ƙwayar tasa ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, ga ta a lanƙwashe tana toshe ƙananan jijiyoyi, shi ne ciwon da ke hana gida barci. Daga nan dabarar dashen ɓargo ta fito: a kashe ɓargon majinyaci da magani mai ƙarfi, a zuba masa ƙwayoyin tushe na wani mai lafiya ta jijiya, su je su zauna su fara ƙera masa sabon jini. An fi samun nasara idan ɗan'uwa ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma damar a ce jikinsu ya dace ɗaya ce cikin huɗu ga kowane ɗan'uwa. A Najeriya an fara yi wa mai sikila wannan dashe a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin. Aiki ne mai tsada da haɗari: sabon ɓargon yana iya juyowa ya yaƙi jikin da aka sa shi, maganin share tsohon kuma yana iya taɓa haihuwa. Duk da haka, a ƙasar da ake ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya, wannan ce fuskar ilimin da ta fi shafar mu. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka sun amince da wani sabon maganin sikila mai suna Casgevy, inda ake ciro ƙwayoyin majinyacin kansa a gyara su a mayar masa. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne.

Babu mai jayayya a kan ƙwayar ɓargo, ko wadda ake tsiyaya daga jinin cibiya bayan haihuwa. Gardamar tana kan ta ɗan tayi. Ƙwayar babban mutum iyakarta gajera ce, ta ɓargo jini kawai take bayarwa. Amma idan ƙwan mace ya haɗu da maniyyi ya kwana biyar, yakan zama wani ɗan ƙullutu da ido da kyar yake ganinsa, a cikinsa akwai ƙwayoyin da za su iya zama kowane sashe na jiki. A 1998 James Thomson na Jami'ar Wisconsin a Amurka ya ciro irin waɗannan ya raya su a ɗakin gwaji. Ciro su yana kashe ɗan tayin. Galibi kuma daga rarar da ta rage a asibitocin dashen ciki, inda ake haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji a dasa wa mace, ake samo su, domin bayan haihuwar Louise Brown, jaririyar farko da aka samu ta wannan hanya, a Ingila a 1978, likitoci kan haɗa ƙwai fiye da wanda za a mayar cikin mahaifa.

To, wannan ɗan ƙullutun mutum ne ko ba mutum ba? Cocin Katolika, wanda ke da ɗimbin mabiya a jihar nan, ya tsaya a kan cewa daga ranar haɗuwa yana da alfarmar ɗan Adam, kuma ba a halaka shi ko da don warkar da wani. A wajen malaman Musulunci maganar ta fi rassa. Hadisin Ibn Mas'ud ya lissafa matakai uku na kwana 40 kowanne kafin a busa rai, wato kwana 120. Sai dai mazhabar Malikiyya da muke bi ta tsananta a kan taɓa abin da ya riga ya zauna a mahaifa, ko da bai kai kwana 40 ba. Abin da ya sa aka sami sarari shi ne na ɗakin gwaji bai shiga mahaifa ba. A 2003 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta halatta amfani da ƙwayoyin tushe daga cibiya da mabiyiya, da ɓarin da ya zo da kansa, da rarar dashen ciki idan iyayen sun bayar. Ta haramta zubar da ciki da gangan don wannan, ta kuma haramta haɗa ƙwai da maniyyin masu bayar da kyauta don a ƙirƙiri tayin gwaji. Ni dai wannan rarrabewar ta kwanta mini, domin ta hana a mayar da tayi hajar kasuwa, ba ta kuma rufe wa mara lafiya ƙofa ba.

Masana kimiyya su ma sun shata wa kansu iyaka. Kwamitin Mary Warnock a Birtaniya ya ba da shawara a 1984 cewa kada a raya ɗan tayi a ɗakin gwaji fiye da kwana 14, lokacin da zanen farko na tsarin jiki ke bayyana kuma ba zai ƙara rabuwa ya zama tagwaye ba. A 2021 ƙungiyar masu wannan bincike ta duniya ta sassauta ƙa'idar, abin da ya sake tayar da ƙura. A gefe guda Shinya Yamanaka na Japan ya rage zafin rikicin: a 2006 ya mayar da ƙwayar fatar ɓera baya ta zama ta tushe, a 2007 ya yi da ta mutum, ya samu kyautar Nobel a 2012. Da wannan hanya ba a buƙatar tayi sam.

Kada a ɗauka duk wannan zancen Turai ne. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana kwafar halittar mutum, amma asibitocin dashen ciki suna ƙaruwa a Abuja da Legas da sauran manyan garuruwa, ma'aurata daga Kaduna suna zuwa, kuma rarar tayinsu tana daskare a can. Kafin miji da mata su sa hannu a takarda, haƙƙinsu ne su tambayi likita nawa za a haɗa, nawa za a dasa, shekara nawa za a ajiye saura, da abin da za a yi da su idan aure ya mutu ko ɗayansu ya rasu.