Jarrabawar Neman Aikin Gwamnati da Ƙaramin Aljihu: Tambayoyi da Amsoshi

Duk sanda Hukumar Kula da Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ta buɗe shafin ɗaukar aiki, ko hukumar CDCFIB mai ɗaukar jami'an shige-da-fice, sibil difens, gidajen gyaran hali da 'yan kwana-kwana, tambayoyin masu nema kusan iri ɗaya ne, kuma yawancinsu a kan kuɗi suke tsayawa.

Ana biyan kuɗin fom?

A'a, cike fom kyauta ne a shafukan waɗannan hukumomi. Akwai lokacin da aka biya: a 2014 an karɓi naira 1,000 daga kowane mai neman aikin shige-da-fice, aka tara jama'a a filayen wasa ranar 15 ga Maris, turmutsitsi ya ci rayukan mutane fiye da goma a Abuja, Fatakwal, Minna da Benin. Yanzu duk shafin da ya nemi ka tura kuɗi kafin ka cike fom, rufe shi. Ka duba adireshinsa ya ƙare da gov.ng. Abin da za ka biya kawai shi ne ladan mai shagon intanet, idan ba da wayarka za ka cike ba.

To ɗan abin da ke hannuna, ina zan fara sa shi?

A takardu, kafin littafi. Mutum zai ci jarrabawa lafiya lau, a zo tantancewa a sallame shi don sunansa Muhammad Sani a takardar sakandare, Sani Mohammed a NIN, a digiri kuma ga sunan garinsu an liƙa a ƙarshe. Wannan ya fi damun 'yan Arewa, saboda yadda ake rubuta suna ɗaya ta hanya uku. Ka shimfiɗa takardunka duka a tabarma: shaidar firamare, sakamakon WAEC ko NECO, difloma ko digiri, takardar gama bautar ƙasa ko ta yafewa, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, da silif ɗin NIN. Abu biyu za ka bi layi-layi: jerin suna da ranar haihuwa. Inda suka saɓa, rantsuwar kotu da sanarwa a jarida kan warware saɓanin suna, gyaran NIN kuwa sai ta hukumar NIMC, da kuɗi, kuma ba ya fitowa a kwana ɗaya. Wanda ya jira sai an buɗe shafi sannan ya fara wannan zirga-zirga, sau da yawa kafin ya gama an rufe.

Idan sun daidaita, a yi musu sikanin sau ɗaya, mai kyau, ka tura wa kanka ta imel. Kada ka riƙa biyan kuɗin sikanin duk lokacin da aka buɗe sabon shafi. Sannan lambar waya da imel ɗin da za a sa a fom su zama naka. Masu shago kan sa nasu don sauri, saƙon gayyata ya faɗa can, kai kana gida kana cewa ba a kira ka ba.

Me ake tambaya a jarrabawar?

Galibi Turanci, lissafi mai sauƙi, tambayoyin auna basira, da sanin ƙasa da al'amuran yau da kullum. Wani gurbin a ƙara da fannin da ka karanta. Lissafin bai cika wuce na ƙaramar sakandare da farkon babba ba: kashi cikin ɗari, riba da faɗuwa, kuɗin ruwa, rabo, matsakaici, gudu da nisa. Littafin ƙaninka na aji uku na ƙaramar sakandare ya ishe ka, ba sai ka sayi komai ba. Wahalar ba a zurfin tambaya take ba, a lokaci take. In aka ba ka tambaya 60 a minti 30, daƙiƙa 30 ke nan kowace ɗaya.

A sanin ƙasa akwai abin da ba ya motsi, a haddace shi sau ɗaya: haɗewar Kudu da Arewa a 1914, 'yanci a 1960, jamhuriya a 1963, jihohi 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996, ƙananan hukumomi 774, sanatoci 109, 'yan Majalisar Wakilai 360. Mai neman aikin ofis ya leƙa kundin dokokin aikin gwamnati, bugun 2021: ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, matakan albashi har 17, mai digiri yana shiga a mataki na 8.

Tsoffin tambayoyin da ake sayarwa a WhatsApp fa, in saya?

Suna da amfani wajen ganin salon tambaya, amma kada ka amince da amsoshin ido rufe. Yawancinsu kwafi ne a kan kwafi, kuskuren yana tafiya tare da su. Ɓangaren al'amuran yau da kullum kuma yana tsufa kamar dafaffen abinci. Takardar da aka haɗa kafin Mayun 2024 za ta ba ka taken ƙasar da aka daina amfani da shi, wadda ta girmi Satumban 2023 ba ta san Olayemi Cardoso ne gwamnan Babban Banki ba. In za a saya, ku haɗu ku biyar ku sayi ɗaya, kowa ya ɗauki kaso ya tantance amsoshinsa.

Sabbin labarai kuwa rediyo ya wadatar. Sai dai jarrabawar da Turanci ake yi, don haka bayan ka ji labaran Hausa, ka saurari na Turanci a Rediyon Najeriya ko labaran ƙarfe tara na dare a NTA, da ƙaramin littafi a gefe kana rubuta sunan muƙami da mai riƙe da shi.

Dole ne in shiga lesin?

Ba dole ba ne, kuma ga mai ƙaramin ƙarfi nan ne kuɗi suka fi zurarewa a banza. Abin da lesin ke bayarwa shi ne jadawali da wanda zai matsa maka. Rukunin mutum huɗu ko biyar zai yi wannan: a haɗu sau uku a mako, a sa agogo, a amsa tambaya 40, a yi wa juna maki. Awa biyu kullum bayan sallar asuba na tsawon sati shida ya fi kwana uku ana raba dare. In gida da hayaniya, ɗakin karatu na gwamnati yana nan, irin na Murtala Muhammad a Kano.

Ba ni da kwamfuta, wayata kawai. Ta isa?

Don karatu ta isa, musamman in kana sauke abubuwa da datar dare mai araha. Don atisaye ba ta isa ba, tunda galibi a kwamfuta ake yin jarrabawar. Yatsan da ya saba da shafa gilashi yakan daburce a kan linzamin kwamfuta, minti biyar su tafi wajen neman inda za a danna. Nan ya kamata a kashe kuɗi: awa ɗaya, sau uku ko huɗu, a shagon intanet ko cibiyar da ɗalibai ke gwajin JAMB. A tsarin JAMB madannan A, B, C, D su ne zaɓin amsa, N gaba, P baya, S miƙa aiki. Ka kiyayi S kafin ka gama. Tambayar da ta turje, wuce ta, ka dawo daga baya.

Wani lokaci akan ce a yi jarrabawar ta intanet daga inda mutum yake. To kada ka dogara da wutar unguwa da layi ɗaya. Tun jajibiri ka gwada wurin da sabis ya fi ƙarfi, ka cika caji, ka tanadi layi na biyu da data a ciki.

Da duk 'yan Najeriya nake gasa?

A takarda haka ne, amma a rabo akwai ƙa'idar daidaito da Hukumar Raba Daidai ta Tarayya ke sa ido a kai, inda kowace jiha ke da kaso tsakanin 2.5 zuwa 3 cikin ɗari. Ma'ana, zafin gasarka da 'yan jiharku ne. Shi ya sa takardar asali ba abin wasa ba ce, kuma ƙaramar hukumar da ka rubuta a fom dole ta zama ita ce a takardar.

Wani ya ce in kawo kuɗi zai samo mini ofa, wato takardar ɗaukar aiki. Yaya?

Cinikin guraben aiki ba tatsuniya ba ne, har kwamitin Majalisar Wakilai ya bincike shi a 2023. Amma wanda ya sayar da gona ko keken ɗinkin mahaifiyarsa ya miƙa, abu biyu ke jiransa: ko mai karɓar ya kashe waya, ko ya kawo takardar bogi da za ta tonu wajen shiga tsarin albashi na IPPIS. Ga asara, ga laifi, domin mai bayarwa ma doka ba ta ƙyale shi ba.

Me zan ware don ranar jarrabawa?

Kuɗin mota zuwa da dawowa, a ware su tun ranar da ka cike fom, a ba wani amintacce ya riƙe. Gayyata kan zo da ƙurarren lokaci, cibiyar kuma tana iya zama a babban birnin jiha. In da nisa ka tafi tun jajibiri ka kwana wurin ɗan'uwa, ka je ka ga ƙofar cibiyar da idonka kafin magariba. Ka buga silif ɗin gayyata kwafi biyu, ka riƙe katin shaida da hotunan fasfo. Waya da jaka ba sa shiga ɗakin jarrabawa, kuma a bakin ƙofa akwai masu karɓar ajiya da kuɗi, don haka ka bar su a masauki.