Ciwon ɓarin kai na lokacin al'ada: don Allah ku daina shan haɗin kemis

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana mata. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a karkarar Gumel, jihar Jigawa, kuma abin da zan yi magana a kai abu ne da na gaji da gani. Da wuya mako ya ƙare ba a kawo mana mace ta ɗaure kai tamau da ɗankwali ba, ido a runtse, ba ta son haske, ba ta son jin ko kukan ɗan da take goyo, wani sa'in har da amai. Idan na ce ina ne ke ciwo, sai ta dafa ɓari ɗaya na kanta, ta ce sara yake yi kamar ana daka a ciki. Na ce yaushe kike sa ran al'adarki? Ta ce gobe ko jibi, ko kuma ta ce ai jiya ta ajiye sallah. Na ce me kika sha? Sai ta kwance haɓar zani ta miƙo ƙullin leda, ƙwayoyi fari da ja da rawaya da kafso, babu kwali babu suna. "Haɗi ne, maigida ya karɓo min a kemis."

Wannan ƙullin ne damuwata, ya fi ciwon kan ma damuna.

Shi ciwon sananne ne, ciwon ɓarin kai ne, kuma ya fi kama mata, kusan ninki uku a kan maza. Dab da zuwan al'ada wani sinadari na jikin mace yana sauka, wannan saukar ce ke tayar da ciwon ga wadda jikinta ke da shi. Shi ya sa yake da lokacinsa: daga kwana 2 kafin jini ya zo zuwa kwana na 3 da zuwansa. Yana bin dangi, sau da yawa in ka bincika uwa ko yaya ma tana yi. Mata da yawa suna samun sauƙinsa idan ciki ya yi ƙwari, da kuma bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma maleriya ce ke dawowa duk wata a rana ɗaya ba. Wannan ya isa a kan bayani.

To yanzu ga abin da ake yi. Kai ya fara sara, sai a ba yaro kuɗi a ce ya je ya ce a haɗa na ciwon kai. Ko a jira mai tallar magani da ke yawo gida-gida da kwali a bayan keke, rana ta gama dukan maganin tun safe. Wanda ya haɗa bai ga matar ba, bai san ko tana da ciki ba, bai san ko tana da olsa ko hawan jini ba. Ya dai ɓallo wannan, ya ɓallo wancan, gwargwadon kuɗin da aka miƙa masa, ya ƙulle. Na sha buɗe irin ƙullin nan in tarar da ibufurofen da diklofenak tare, alhali aikinsu ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi sai dai ya ƙara cin ciki. Na sha ganin farasitamol da wani maganin mura wanda shi ma akwai farasitamol a cikinsa, wato an sha ninki ba a sani ba. Na ga kafso na kashe ƙwayoyin cuta, wanda babu ruwansa da ciwon kai. Abin da ya fi tayar min da hankali, na ga tiramol.

Haba 'yan uwana! Ke da ba za ki ci tuwon da ba ki san wadda ta tuƙa ba, yaya za ki haɗiye ƙwaya biyar da ba ki san sunan ko ɗaya ba, kuma cikinki babu komai tun kokon safe?

Na san dalili, ba wai ban sani ba. Girki yana jira, yara suna jira, ga surfe ga ɗiban ruwa, asibiti da nisa, kuɗin mashin ya fi kuɗin haɗin, fita kuma sai an nemi izini. Wadda kanta ke tsagewa ba ta da lokacin dogon tunani, duk abin da aka miƙo mata za ta sha. Wallahi ina tausaya muku. Amma ku saurari abin da ke biyo baya, domin mu ne muke ganinsa.

Na farko, maganin ciwon kai da kansa yana komawa ya zama mai jawo ciwon kai. Mace ta fara da ciwon kwana biyu ko uku a wata. Ta sha haɗi ta ji daɗi. Wata mai zuwa tun kafin ya zo ta fara sha don tsoro. Daga nan ko nauyin kai ta ji sai ta sha. Bayan 'yan watanni sai ta wayi gari kullum da ciwon kai, da asuba ma shi ke tashinta, ta sha ya lafa, maganin ya sake ta ciwon ya dawo. Likitoci sun sa iyaka a kan wannan: wadda ke shan farasitamol ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata, ko mai shan haɗaɗɗen magani ko tiramol ko kodin kwana 10 ko fiye a wata, har tsawon wata 3, maganin ne ya riƙe mata ciwon. Irin waɗannan matan su ne ke zuwa suna ce min, "Malama, da can sai lokacin al'ada, yanzu kuwa ba dare ba rana." Idan na ce sai an bar maganin, sai a kalle ni kamar na faɗi abin da bai dace ba. Kuma gaskiya ne, kwanakin farko na barin sa ciwon yakan ƙaru kafin ya sassauta, shi ya sa nake so a yi shi tare da mu, musamman wadda ta saba da tiramol, ita kam kada ta yanke shi ita kaɗai.

Na biyu, ciki. Ibufurofen da diklofenak da danginsu a kan yunwa suna ƙwaƙule ciki. Zafin ƙirji, ciwo a ƙahon zuci, daga baya bayan gida ya koma baƙi ƙirin, wannan jini ne ke zuba a ciki. Mace ga jinin al'ada, ga haihuwa kusa-kusa, ga kuma wani jinin yana tsiyaya ta ciki, sai ka buɗe idonta ka gan shi fari fat. Ƙoda ma tana wahala, balle a watannin zafi da jiki ke bushewa.

Na uku, wanda ba a tunawa. Kina jiran al'ada, kai ya yi ciwo, kin sha haɗi, ashe al'adar ba za ta zo ba, ciki ne ya shiga. Me kika ba ɗan da ke cikin? Ba ki sani ba, ni ma da kika zo ban sani ba, tunda babu suna a jikin ledar.

Tiramol kuwa ba maganin ciwon ɓarin kai ba ne. Magani ne da doka ta ce sai da takardar likita, kuma yana kama mutum. Tun shekarar 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin saboda yadda ya lalata matasa, har da matan aure a cikin gidaje. Kada a shigo muku da ɗan uwansa ta hanyar ciwon kai.

Maigida, da kai nake. Kai ne mai zuwa kemis, kai ne mai ba yaro kuɗi. Idan dole ne ka sayo, sayo magani ɗaya, a cikin katinsa, mai suna da ranar lalacewa da lambar NAFDAC. Ka daina cewa a haɗa. Iya, ke ma, idan surukarki ta kwanta ranar nan ba son jiki ba ne, a sa wata ta karɓi girkin.

Ga abin da nake so ku yi maimakon haka. Kowace mace ta san ranar da take ajiye sallah da ranar da take wanka, wannan lissafin ba sai an koya muku ba. To ki haɗa da lissafin ciwon kan. Duk ranar da ya zo ki ja layi da gawayi a bango ko ki sa ɗanki ɗan makaranta ya rubuta, haka ma duk ranar da kika sha magani, har wata 3. Ki zo mana da shi. Da wannan za mu gane ko na al'ada ne, kuma idan lokacinsa ba ya saɓawa akwai maganin da ma'aikacin lafiya zai iya ba ki ki fara kwana 2 kafin ranar, na 'yan kwanaki kawai. Idan ya fi ƙarfinmu mu tura ki babban asibiti, akwai magungunan da aka yi don wannan ciwon musamman.

Sauran a gurguje:

Ki sha magani ɗaya da wuri, da zarar ya fara, kada ki jira sai amai ya zo.
Farasitamol ƙwaya 2 na miligiram 500, tsakanin sha da sha aƙalla awa 4, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da kwana.
Ibufurofen sai bayan an ci abinci, kuma ban da mai ciki, mai olsa da mai ciwon ƙoda.
Ruwa sosai, kada ki zauna da yunwa a kwanakin.
Ɗaki mai duhu, tsumma mai sanyi a goshi, barci in ya samu.
Hayaƙin murhu, turaren wuta da humra mai ƙarfi, ki ɗan nisance su in kin lura suna tayar miki.
Goro da shayi, kada yau a cika gobe a yanke.

Akwai wata magana ga masu shan ƙwayar tazarar haihuwa. Idan kafin ciwon ya sauka kina ganin walƙiya ko ƙyalli a idonki, ko wani ɓangare na ganinki ya dushe, ko hannu da leɓe su yi miki dindiris, ki faɗa mana. Ƙwayar da ke da sinadari biyu ba ta dace da ke ba, tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Akwai wasu hanyoyin da suka dace da ke, sai mu canza miki. Kada ki ɓoye don kunya, kada kuma ki karɓi ta ƙawarki.

Sannan ba kowane ciwon kai ne na al'ada ba, a nan ne haɗi ke kashe mutane, domin yana rufe ciwo a zauna a gida. Ciwon kai da zazzaɓi da sandarewar wuya, musamman lokacin bazara, a yi tunanin sanƙarau. Mai ciki ko mai jego da kanta ke ciwo, fuska da hannu sun kumbura, tana gani dishi-dishi, wannan hawan jini ne da ke kai wa ga jijjiga. Ciwon da ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba ki taɓa ji ba, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannu ko ƙafa ya mutu, ko aka suma. Ko ɗaya daga cikin waɗannan aka gani, ba a aika yaro kemis, ba a jira gari ya waye. Maigida ya nemo mashin ko mota ko amalanke a kawo ta asibiti a daren.